An sa min zobe a tumbi, yanzu tuwo ya ƙi wucewa: me zan riƙa ci?

Ɗan Riɗi Gumel:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya dame ni. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayen riɗi da zoɓo a ƙauyukan Gumel da Maigatari, kuma a ƙauye nake zaune da iyalina. Shekarata 47. Ƙiba ta yi min yawa har na kai kilo 141, ga ciwon suga, ga hawan jini, gwiwoyina suka kasa ɗaukata, shekara biyu a kan kujera nake sallah. Wata biyar da suka wuce na sayar da shanu huɗu da gona ɗaya na tafi Alƙahira, aka yi min aikin nan da ake ɗaura wa mutum zobe a saman tumbi don ya rage ci. Alhamdu lillahi kilo 17 sun tafi, Juma'ar da ta wuce na kai goshina ƙasa a sahu tare da jama'a.

Damuwata abinci. Takardar da suka ba ni duk abincinsu ne a ciki, babu tuwo babu fura. A garinmu kuma ciyayya muke yi, bayan Magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gidan yayanmu, mu bakwai a tabarma ɗaya. Daren Talata maƙwabcina ya turo min tuwon dawa da miyar kuka, ya ce girkin farko ne na amaryarsa. Na ji nauyin in ƙi. Na yi loma irin wadda na saba, ta biyu ba ta wuce ba. Ta tsaya min a ƙahon zuci kamar an cusa dutse, yawu mai yauƙi ya cika min baki, na ɗauki buta na zaga bayan danga, na fi minti ashirin kafin ta fito. Da na dawo kowa ya yi shiru. Tun ranar maƙwabcin nan bai sake fito da kwanonsa ba.

Ban gaya musu irin aikin da aka yi min ba, cewa na yi aikin ciki ne kawai. Don Allah wanda ya san abin nan ya gaya min, cikin abincinmu na gida me ke wucewa, me ke tsayawa? Kuma haka zan ƙare, ko ana sabawa?

Abu Sadiƙ Kiyawa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi Alhaji. Ina nan ina bin zancen, don yayata ma ana ta ba ta shawarar ta je a yi mata.

Anti Nas Ringim:
Alhaji sannu da jiki. Abin da ya same ka a tabarma kusan duk mai zoben nan ya taɓa ganinsa. Bari in kwatanta maka yadda abin yake. Zoben roba ne mai laushi da aka zagaye wuyan tumbi da shi. Abin da ya rage a samansa 'yar jaka ce da ba ta wuce girman ƙwan kaza ba, a ƙasanta kuma 'yar ƙofa. Duk abin da ka haɗiye ta nan zai bi. Ka ɗauke shi kamar mazurari: in ka zuba koko ya wuce, in ka cusa curin tuwo ya toshe. Yawun nan mai yauƙi kuwa jiki ne ke ƙoƙarin sulluɓar da abin da ya maƙale.

To matsalarmu mu Hausawa ita ce ba ma tauna tuwo. Tun muna yara a mulmula, a dangwali miya, a haɗiye aka koya mana. Kai kuma yanzu babu abin da zai shiga cikinka ba tauna. Lomarka kada ta wuce girman dabino, ka tauna kamar sau 20 har ta zama kamar kunu a bakinka, ka haɗiye, ka ajiye hannu ka ɗan jira kafin ka sake kai wata. In ka yi minti 20 zuwa 30 kana ci, ka tsaya, ko da saura a kwano. Kada ka sha ruwa a kan abinci, ka bari sai bayan kamar rabin awa. Amma tsakanin abinci da abinci ka yi ta kurɓa, a wuni ka sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu, wato fiya wata leda uku zuwa huɗu.

Direban Wudil:
Wallahi Anti ta faɗi gaskiya. Ina karantawa na tsaya na yi tunani, ni dai ban taɓa tauna tuwo ba a rayuwata. A gidanmu ma in yaro ya tauna faɗa ake masa.

Maman Biyu Haɗejia:
Alhaji ni shekarata shida da nawa, a Indiya aka sa min. Ana sabawa, amma ba za ka koma cin da ka sani ba, gara ka cire wannan daga ranka tun yanzu, zai fi maka sauƙi.

Abin da na gwada da bakina zan gaya maka. Tuwon shinkafa shi ne babban abokin gabata, danƙonsa ya yi yawa, ko na tauna sai ya dunƙule. Haka ɗanwake, haka biredi sabon gashi, haka gurasa in ba ta jiƙa sharkaf a romo ba. Tsire da kilishi da balangu na haƙura da su tun shekarar farko. Tuwon dawa ko na masara ina ci in an yi shi da ruwa-ruwa, da miya mai santsi, kuɓewa ko karkashi, miyar ta fi tuwon yawa. Loma biyar zuwa shida na ƙoshi. Ɗumame da safe kuwa kada ka kusance shi, ya riga ya yi tauri, ga shi da safe zoben ya fi matsewa. Ni sai na fara shan ruwan ɗumi ko shayi mara suga, wajen ƙarfe goma sannan wani abu ke iya wucewa.

Abin da ya riƙe ni shi ne fate, alale, dafaffen ƙwai, waken da ya dahu luguf, kindirmo, da kifi. Mu nan Allah ya hore mana kifi, farfesun tarwaɗa nake yi in zare ƙaya tsaf. Nama sai wanda aka daka ko aka dafa har yana wargajewa da kansa. Zogale ina ci amma sai an tsince sandunansa an dafa shi ya yi laushi. Mangwaro mai zare da ɓawon cikin lemun zaƙi sun taɓa wahalar da ni, gwanda da kankana ba su taɓa ba.

Abu ɗaya da zan ja maka kunne a kai: fura. Da na ga komai na tsayawa ita kuma tana wucewa sumul, sai na koma mata, kofi biyu uku a rana da suga, ga kunun gyaɗa da daddare. Cikin shekara guda na mayar da kilo 9 daga abin da na zubar. Zoben ba ya tare abin da ake sha. Za ka iya cika cikinka da suga yana nan ɗaure.

Talaka Bawan Allah:
Ni fa abin nan ya tsaya min a rai, ku yi haƙuri in faɗa. A garinmu akwai gidajen da sau ɗaya ake ɗora tukunya a wuni, wasu tafasa suke ci da ƙuli-ƙuli. A ce mutum ya sayar da shanu huɗu da gona don a hana shi cin abinci? Me ya hana ka rage da kanka, ka yi azumin Litinin da Alhamis, kuɗin ka taimaki mabuƙata?

Uwar Gida Ɗambatta:
Haba bawan Allah. Mutum ya zo da lalurarsa yana neman shawara ka tare shi da wannan? Da ƙoda ce ta lalace ya sayar da gona ai ba za ka ce komai ba. Shanunsa ne, lafiyarsa ce.

Ɗan Riɗi Gumel:
Talaka Bawan Allah, ban ji haushin maganarka ba, yayana ma haka ya ce min. Na yi azumin, na daina shayi da suga, na yi tafiyar ƙasa da asuba har gwiwa ta kumbura. In zubar da kilo biyar, in mayar da bakwai. Shekara takwas ina wannan. Mahaifinmu suga ce ta ci ƙafarsa, ni na riƙe shi ranar da aka yanke. Ina da 'ya'ya goma sha ɗaya, babban bai gama sakandare ba. Wannan ne ya kai ni, ba jin daɗi ba.

Talaka Bawan Allah:
To Allah ya ba ka lafiya Alhaji. Ka yafe ni in na ɓata maka. Amma dai abin da na faɗa game da yunwa yana nan.

Baffa Na Gujungu:
In abu ya tsaya maka ka sa a jiƙa maka 'yar kanwa a ruwan zafi ka sha, ko ka samu lemun kwalba mai sanyi ka kwankwaɗa, gyatsa ɗaya zai faɗa. Haka muke yi wa tsofaffi in nama ya tsaya musu.

Anti Nas Ringim:
Baffa, Allah ya ƙara girma, amma wannan ba irin na tsofaffin ba ne. Ƙofa ce a toshe, duk abin da ya kwankwaɗa a kai sama zai dawo, iskar lemun kuma ta buɗa 'yar jakar ta ƙara masa azaba. Masu zobe ma ana hana su lemun kwalba gaba ɗaya. Abin yi shi ne ya daina ci nan take, ya miƙe ya ɗan zazzaga, ya jira. In ya wuce ko ya fito, sauran ranar ya tsaya a abu mai ruwa, don wurin ya kumbura, in ya sake tura tuwo zai sake tsayawa.

Malam Na Tsangaya Gwaram:
Bismillah. Na ga wani ya turo min tambaya ta gefe ko wannan aiki canja halittar Allah ne, zan amsa a nan kowa ya amfana. Wanda ya yi don cuta ta tilasta shi, likitoci suka ga shi ne mafita, magani ya nema, kuma an umarce mu da neman magani. Hasali ma abin da zoben ke tilasta wa Alhaji, Annabi (SAW) ya riga ya karantar da mu: 'yan lomomi da za su tsayar da bayan ɗan Adam sun ishe shi, in ya zama dole to kashi ɗaya abinci, kashi ɗaya abin sha, kashi ɗaya numfashi.

Amma Alhaji, ni abin da ya fi tsaya min a labarinka kwanon maƙwabcinka ne. Mutumin nan yana can yana zaton ƙyamar abincin gidansa ka yi, ko kana zarginsa da wani abu. Kwana nawa ke nan? Kada ka bar shaiɗan ya yi gini a wurin. Ka taka ka same shi.

Uwar Gida Ɗambatta:
Allah ya gafarta Malam, ka riga ni. Ku maza ba ku san yadda abin nan yake a cikin gida ba. Yarinya ta yi girkinta na farko, labari ya dawo mata cewa Alhaji wane ya ci ya je ya amayar. Wallahi in da kishiya a gidan, har ta tsufa ana yi mata gori da shi. Alhaji ka tura uwargidanka ta shiga wurinta da ɗan abin hannu, ko turmin atamfa ne ko sabulu, ta gaya mata a gaban matan gidan cewa lalura ce, ko girkin wa ka ci haka ne.

Ɗan Fulani Maigatari:
Ni ban goyi bayan ya bazu da maganar ba. Ƙauye ne fa. Yau ka gaya wa mutum ɗaya, ranar Alhamis duk kasuwar Maigatari ta ji an ɗaure wa Alhaji ciki. Ba kowa ke son ka da alheri ba, kuma ɗan kasuwa da an ce ba shi da lafiya masu ba shi kaya bashi sai su fara ja da baya. Ya ce olsa ce kawai, kowa ya san olsa.

Maman Biyu Haɗejia:
Ɗan Fulani, na bi wannan hanyar, ba ta ɓulle ba. Shekara biyu ina ɓoyewa. Da aka ga ina ta ramewa ba na ci a gidan biki, wasu suka ce jifa aka yi min, wasu suka ce ciwon zamani ne, har aka daina barin yara su sha ruwa a kofina. Surukata ta sa aka kawo min rubutu a galan. Ranar da na gaji na ɗaga riga na nuna wa mata 'yan tabon nan guda biyar, na sa suka taɓa maɓallin da ke ƙarƙashin fata, ranar na samu lafiya da bakin mutane. In ba ka ba su labari ba, su za su ƙirƙiro maka wanda ya fi muni.

Abu Sadiƙ Kiyawa:
Wane maɓalli kuma? Wani abu ake bari a jikin mutum ban da zoben?

Likita Ɗan Rano:
Eh. Zoben yana da 'yar balan-balan a cikinsa, da siririn bututu da ya taho har ƙarƙashin fatar ciki ya ƙare a wani ɗan faifai. Ta nan ake soka allura a ƙara ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa don zoben ya matse, ko a zuƙe don ya saki. Yawanci ana fara ƙarawa bayan sati huɗu zuwa shida da aiki, daga nan a yi ta daidaitawa, a shekarar farko sau da yawa. A nan ne nake son Alhaji ya ba ni amsa: tun da ka dawo wa ya duba maka shi? Wa zai sassauta maka in ya matse da tsakar dare?

Ina tambaya ne don wannan aiki rabinsa a ɗakin tiyata yake, rabinsa a bibiya. A 2001 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan zobe mai suna Lap-Band, ya yi tashe sosai don ba a yanke tumbin kuma ana iya cirewa. Daga baya likitoci suka ga mutane da yawa na dawowa bayan shekaru a cire ko a sake musu wani aikin, shi ya sa yanzu a ƙasashe da dama an fi yin wanda ake yanke babban ɓangaren tumbi, ko wanda ake sauya wa abinci hanya. Ba ina tsorata ka ba ne, akwai masu zaune lafiya da nasu shekara da shekaru. Amma waɗanda ake dubawa ne.

Alamomin da ba a kwana da su: in ruwa ma ya ƙi wucewa, ko kana amai ba ƙaƙƙautawa, ko ciwo mai tsanani a saman ciki, zoben na iya zamewa ne, ka nufi babban asibiti a ranar. In kana tashi da dare da tari, ruwan tsami na taso maka har hanci, ya matse da yawa, a rage. In wurin faifan ya yi ja ko yana ruwa, ko ka wayi gari kana cin komai ba ya tsayawa, a duba ko zoben ya ci bangon tumbi. Kuma allurar da ake soka faifan ta musamman ce, wadda ba ta yaga robar. Kada ka bar mai kemis ya gwada da sirinjin allurar zazzaɓi.

Gwaggon Yara Sumaila:
Likita ya taɓo inda ke min ciwo. Ni nawa an cire, shekara uku bayan an sa. Wani dillali ne ya haɗa min tafiyar, kafin in biya kullum yana kirana Hajiya Hajiya, da na dawo na fara samun matsala wayarsa ta daina shiga. Lokacin da zoben ya zame, kwana huɗu ko yawuna ba ya wucewa, ina riƙe da gwangwani ina tofawa. Aka kai ni wani asibiti, na ce musu akwai zobe a cikina, suka dube ni kamar ina sambatu, aka sa min ruwa leda biyu aka ce taifot ce. Sai da ƙanena ya ɗauke ni cikin dare zuwa Kano, aka yi hoto, aka samu wani likitan tiyata da ya san abin ya zuƙe ruwan. Wallahi yana zuƙewa na ji kamar an sauke min buhu daga ƙirji, na sha ruwa rabin kofi ina kuka.

Laifina a ciki shi ne na ɗauki amai kamar wani ɓangare na aikin. Kullum sai na yi sau biyu sau uku, ina murna ina ramewa. Ashe shi ke tura tumbin yana zamewa. Alhaji in amai ya zama maka na kullum, ba daidai ba ne. Abu Sadiƙ, ka gaya wa yayarka kafin ta biya ko sisi ta fara samun wanda zai riƙa duba ta a nan gida.

Ɗan Riɗi Gumel:
Likita, gaskiya tun da na dawo ba wanda ya taɓa shi. Sati shida na yi a can, suka ƙara ruwan sau ɗaya kafin in taho, suka ce in dawo bayan wata uku, kuɗin jirgi ya gagara. Daga garinmu zuwa Kano ma tafiyar sama da awa biyu ce. Amai kuwa kamar sau biyu a sati, duk ranar da na yi gaggawa. Kuma wani lokaci da hantsi sai in ji jiri da gumi, hannuna na rawa.

Likita Ɗan Rano:
Wannan jirin da gumin kada ka yi wasa da shi. In har yanzu adadin maganin sugar da kake sha kana kilo 141 kake sha, alhali cinka ya ragu haka, sugarka faɗuwa take yi. Ka auna a lokacin da kake jin abin, ka riƙa yawo da dabino ko suga a aljihu, kuma cikin satin nan ka koma wurin mai ba ka maganin a sake lissafi, har da na hawan jinin. Ka je da takardun Alƙahira duka, ka nemi a tura ka sashen tiyata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, su san da kai tun kana lafiya. Ka rubuta a 'yar takarda cewa kana da zobe a tumbi ka sa a aljihu, ka nuna wa babban ɗanka inda take.

Sai maganin gwiwa. Haɗin nan da ake saya a kemis na ciwon jiki yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, suna cin bangon tumbi, mai zobe ya nisance su. Farasitamol ya fi maka. Manyan ƙwayoyi kuma suna iya tsayawa kamar loma, ka tambaya ko akwai na ruwa ko wanda ake iya dakawa, don ba kowace ƙwaya ake dakawa ba.

Amaryar Kazaure:
Ikon Allah. Wasu na neman yadda za su rage, mu nan 'yan mata na shan sha-ka-fashe kafin biki don a ce amarya ta yi kyau. Ƙawata wata biyu ta sha, fuskarta ta kumbura kamar an hura.

Anti Nas Ringim:
Ƙanwata ki hana ta. Yawancinsu akwai dexamethasone a ciki, ba ƙibar lafiya ba ce, ruwa ne da kitse ke taruwa a fuska da ciki, kuma yana jawo suga da hawan jinin da Alhaji ya sayar da shanu don ya gudu daga gare su. In ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, ta zo asibiti a janye mata a hankali. Mu ne da kanmu muke cewa mai tumbi ya ji daɗi, in mutum ya rame mu ce me ya same shi.

Direban Wudil:
Mu dawo kan Alhaji. Azumi fa? Mutumin da ba ya iya kwankwaɗar ruwa, ga zafin Jigawa, yaya zai yi da buɗa-baki?

Maman Biyu Haɗejia:
Shekarar farko ban yi ba, likitana ya hana, na rama daga baya da sanyi. Yanzu ina yi, amma buɗa-bakina ba irin na mutane ba ne. Bayan wuni ba ci zoben a matse yake, in ka fara da ƙosai ko dankali ka gama yawo. Ruwan ɗumi nake fara kurɓa, dabino ɗaya in cire ɓawonsa in tauna sosai, in yi sallah, in sha romo ko kunu kaɗan, sai bayan Isha'i in ci abu mai nauyi. Daga nan kofi na hannuna har in kwanta. Wata shekarar ma sai da aka ɗan rage min ruwan zoben kafin watan ya kama.

Malam Na Tsangaya Gwaram:
Mara lafiya Allah ya yi masa rangwame ya sha ya rama a wasu kwanaki, wannan a Suratul Baƙara yake. Alhaji ga zobe ga suga mai faɗuwa, in amintaccen likita ya ce kada ya yi bana, ya bi, babu zunubi. Kada kunyar mutanen tabarma ta sa ya cutar da kansa kamar yadda ta sa ya yi lomar nan.

Ɗan Fulani Maigatari:
Na ji abin da Maman Biyu ta ce, amma mace daban, ɗan kasuwa daban. Ni dai ko zai faɗa, ya tsaya a mutanen ciyayyar.

Ɗan Riɗi Gumel:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Jiya bayan La'asar na je na samu maƙwabcina a gona yana ɗaure kara, na gaya masa komai, na kama hannunsa na ɗora a kan faifan. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce shi ya ɗauka wani ne ya kai min suka cewa an sa min abu a tuwon. Uwargida kuma ta shiga wurin amaryar kamar yadda Hajiya ta Ɗambatta ta ce. Da daddare ya fito da kwanonsa. Ni kuma na fito da ɗan ƙaramin kwano na fate da cokalin shayi, na gaya wa sauran. Yayanmu bai ji daɗi ba, ya ce shi bai saba ganin namiji na cin abinci shi kaɗai a gefen tabarma ba, kuma kafin in yi cokali goma sun wanke hannu sun bar ni. Wannan ɓangaren har yanzu yana min nauyi.

Na auna suga da hantsi yau ta yi ƙasa sosai, Litinin in sha Allahu zan shiga Kano da takardun. Maman Biyu, ranar kasuwa fa? Tun safe nake fita sai dare, abin da ake sayarwa a can tsire ne da gurasa da shinkafa da wake. Me kike ɗauka in za ki yi tafiya?

Maman Biyu Haɗejia:
Dafaffen ƙwai biyu, alale a 'yar kula, da gorar ruwa. Awara ma tana yi in ba a soya ta ta bushe ba, ka ce mai suyar ta tsame maka tun tana da laushi. Kuma kada ka ci a tsaye kana ciniki, ka samu rumfa ka zauna ka ba bakinka lokaci. In ba ka da natsuwar minti ashirin, ka sha kindirmo ba suga ka bari sai ka koma gida.

Gwaggon Yara Sumaila:
Alhaji in ka je Litinin ka dawo ka gaya mana ko sun ce suna da irin allurar. Akwai wata baiwar Allah a Garko da aka sa mata bara, ita ma ba ta da mai duba ta.